Tarihin inji ba allo bane da zaka wanke ka sake rubutu

Akwai wata safiya da har yau ban manta da ita ba. Lokacin bazara ne, irin zafin Garwa ɗin nan da tun ƙarfe tara rigar mutum ta gama jiƙewa, na shigo ofis na kunna kwamfuta sai na tarar a manhajar da muke ajiye tarihin gyaran injina takardun aiki sun fito a jere akan janareta guda ɗaya, wai lokacin juyen mai yayi, lokacin canza filta yayi, har da babban gyara na kwance inji gaba ɗaya, alhali ko sati biyu ba a yi ba ina tsaye aka yi masa vidanj, wato juyen mai. Na kira dattijon makanikin da ke kula dashi nace Baba me ya samu janaretan nan? Yace ɗana lafiyarsa ƙalau, jiya ma ni na duba shi na rubuta mita da hannuna. Nace don Allah a kawo min takardar. Ashe ya rubuta 4 312,5 ne yadda duk wanda yayi makaranta da Faransanci yake rubutawa, waƙafi a inda masu Ingilishi ke sa ɗigo, biron kuma bai kama sosai ba, yaron da ke shigarwa bai ga waƙafin ba sai ya buga 43125. Shikenan cikin dare ɗaya manhaja ta ɗauka injin yayi aikin awa dubu talatin da takwas da ɗoriya, sama da shekara huɗu kenan ba hutawa.

Abin da ya fara zuwa min a rai, kuma nasan shi zai zo ran kowa, shine in goge lambar in sa ta daidai in wuce wurin. Na nemi inda ake gogewa na rasa. Ranar naji haushi ba kaɗan ba, gani nake waɗanda suka ƙera abin sun ɗaure mana hannu ba gaira ba dalili. Sai da na daɗe a aikin na gane dalilinsu, kuma shi yasa nake wannan rubutu, don naga yaranmu daga Marwa zuwa Ngaundare har Njamena suna samun aiki a gaban irin wannan manhaja, ana koya musu yadda ake shigar da bayani amma ba mai zaunar dasu ya nuna musu yadda ake gyara shi in ya shiga a karkace.

Ga wanda bai san abin ba, mu nan GMAO muke ce mata da Faransanci, manyan kamfanoni kuma suna da wadda ta fi ta faɗi, mai haɗa gyaran inji da sito da sayayya da lissafin kuɗi wuri guda, ita ake kira EAM. Sanannu a ciki akwai Maximo, wanda wani kamfanin Amurka ya fara tun 1985 IBM ta saye shi a 2006, akwai ɓangaren gyara na SAP na Jamusawa, akwai Infor EAM da Hexagon ta saya a 2021. Fuskarsu daban daban amma cikinsu kusan ɗaya ne. Kowane inji yana da lambarsa kamar katin asibiti, duk abin da ya same shi a ƙarƙashin lambar ake rubutawa: yaushe aka saye shi, ina aka girke shi, awa nawa yayi, yaushe ya tsaya, me ya lalace, wa ya gyara, wane kaya aka ɗauko daga magaza, wato sito, nawa aka kashe. Wannan tarin shine tarihin inji.

Kuma inji ya fi ma'aikaci daɗewa a wuri, wannan ita ce maganar. Dubi madatsar Lagdo akan kogin Binuwai, tun 1982 take, injina huɗu masu bada megawat 72 gaba ɗaya, waɗanda suka ga girkawarsu da idonsu yawancinsu sun bar aiki tuni. SODECOTON tun 1974 take gurzar auduga a yankin nan. Bututun mai daga Doba zuwa Kribi, kilomita 1070, tun 2003 yake aiki da tashoshin famfonsa. A irin waɗannan wurare injiniyan da ya zo yau ba shi da wanda zai tambaya me ya faru da wannan injin shekara goma sha biyar baya, sai abin da aka rubuta. In abin da aka rubuta ƙarya ne, ƙaryar zai gada yayi aiki da ita da zuciya ɗaya.

To me yasa ba sa bari a goge? Saboda lamba ɗaya da ka shigar ba ta zama ita kaɗai. Koma kan janaretan can. Da 43125 ta shiga, abu uku suka faru kafin gari ya waye. Jadawalin gyara da aka ɗaura akan awa, misali juyen mai duk awa 250, ya ga an wuce lokaci sai ya haifo takardun aiki. Takardun suka kama filta da baƙin mai a sito, wato mai sito yana ganin an riga an ware kayan ma wannan injin, in wani ya zo nema sai ace babu. Sannan matsakaicin awar da injin ke yi a rana, wanda dashi manhaja ke hasashen ranar gyara na gaba, ya haukace. Kuma da yamma da Baba ya kawo sabon karatun mita na gaskiya, manhajar ta ƙi karɓa, don mitar awa gaba take yi ba ta komawa baya, a wajenta lambar da ta fi ta jiya ƙanƙanta ko kuskure ce ko mitar ce ta cika ta zagayo sifili. Kaga ko da ace akwai wurin gogewa ka goge lambar, 'ya'yan da ta haifa suna nan da ransu.

Shi yasa gyaran mita tafiya ce mai zango zango. A Maximo akwai wurin kula da tarihin karatun mita, ka nemo layin da ya ɓaci ka sa lambar gaskiya ka rubuta dalili. A SAP takardar karatun ba ta goguwa, alama ake sa mata cewa an soke ta sannan a shigar da sabuwa, tsohuwar tana nan duk mai nema zai gani. Wannan shine mai sauƙin. Abin da mutane ke mantawa shine su bi sawu: a soke takardun aikin da suka fito bisa kuskure, sokewa fa ba rufewa ba, don in ka rufe su tamkar ka shaida anyi aikin ne, gobe tarihi zai nuna an kwance injin an ɗaure alhali ko sifana ba a ɗora masa ba. A saki kayan da aka kama a sito. A koma jadawalin a duba daga wace awa yake ƙirga na gaba, don sau da yawa yana nan maƙale da tsohuwar lambar, sai kaga an gyara mita lafiya lau amma injin ya shekara takardar vidanj ba ta fito ba, saboda jadawali na jiran awa dubu arba'in da uku da wani abu. Wannan na biyun ya fi na farkon haɗari nesa ba kusa ba, don na farkon yana ihu kowa ya gani, shi kuwa shiru yake har ranar da inji zai ƙone.

Akwai ɗan'uwan wannan, shine canjin mita. Ƙurar hunturu da zafi da jijjiga suna kashe mitar awa, a sayo sabuwa a ɗaura ta fara daga sifili. In mai shigarwa bai faɗa wa manhaja cewa canji akayi ba ya dinga ƙoƙarin cusa ƙananan lambobi, ko dai ta ƙi, ko ya amsa mata cewa eh mita ce ta zagayo sai ta ƙara wa injin awannin da bai yi ba. Duk manhajojin nan suna da hanyar rubuta canjin mita daban, yadda jimillar awar rayuwar injin zata ci gaba daga inda ta tsaya ko da fuskar mitar na nuna 12. Ranar da aka cire tsohuwa a ɗauki hotonta da waya kafin a jefar, hoton nan wata rana shi zai raba gardama.

Yanzu ga wanda ya fi cin rai, aikin da aka rubuta akan injin da ba shi ba. Famfo biyu a jere, iri ɗaya, launi ɗaya, lambar da aka rubuta da fenti ta goge, famfo na ɗaya ya lalace aka canza masa rulma, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke ce wa boris, amma takardar aiki aka buɗe ta da lambar famfo na biyu, aka fitar da kaya, aka rubuta awannin makanikai, shef, wato shugaban sashe, ya sa hannu, aka rufe. Bayan wata uku wani ya lura.

Mutum zai ce to meye, ai kuɗin kamfani ɗaya ne, aljihun dama ne ko na hagu. Bari in nuna maka da lissafi mai sauƙi. Akwai ma'aunin da injiniyoyi ke duba lafiyar inji dashi, MTBF, wato ka ɗauki awannin da yayi aiki ka raba da yawan lalacewarsa. Ace famfo na biyu yayi awa 6000 ya lalace sau ɗaya, ma'auninsa 6000 ne, lafiyayye. In aka jibga masa lalacewa biyu na maƙwabcinsa sai ya koma sau uku, ma'auni ya faɗo 2000. Shi kuma mai ciwon na gaskiya tarihinsa fes. Ƙarshen shekara manya su zauna a Duwala ko Yawunde da rahoto a gabansu, ba su taɓa jin ƙarar famfon ba balle su taɓa shi suji zafi, su ce a sayi sabo a maye gurbin na biyu. A cire mai lafiya a bar mara lafiya, miliyoyin sefa sun tafi, kuma matsalar na nan inda take. Ga kuma garanti, in mai sayarwa ya nemi tarihin gyara ya ga bai yi daidai da lambar da ke jikin ƙarfen ba, ya samu ƙofar zillewa.

Gyaran wannan ya danganta da inda takardar ta kai. In ba a rufe ba abu ne mai sauƙi ƙwarai. A Maximo akwai bambanci tsakanin COMP, an gama aiki, da CLOSE, an rufe ta koma tarihi, kuma shawarar da nake ba kowa ita ce kar a yi gaggawar rufewa, a bar takarda a matakin an gama na ɗan lokaci har mai tsara aiki ya duba ta, har rasit ɗin ɗan kwangila ya iso. A SAP ma haka, akwai rufewar fasaha da suke kira TECO wadda ake iya janyewa, akwai rufewar kuɗi da ke zuwa daga baya. In kuwa an riga an rufe, Maximo na da wata ƙofa ta gyaran takardar tarihi wadda ba kowa ake ba makullinta ba, kuma ko ita an yi ta ne don ƙara abin da aka manta, kamar awanni ko kaya ko bayanin lalacewa, ba don share abin da ya riga ya shiga lissafi ba.

To ya ake da abin da ya shiga lissafi? Ana warware shi ne da kishiyarsa. An rubuta awa 6 na makaniki akan famfo na biyu, sai a shigar da awa 6 na ragi akansa, su cinye juna, sannan a buɗe sabuwar takarda akan famfo na ɗaya a rubuta awa 6 ɗin da ranar da akayi aikin ta gaskiya. Rulman da aka fitar a mayar dashi sito a rubuce, a sake fitar dashi akan takardar daidai. Masu SAP sun san lambobin a ka, 261 fitar da kaya akan takardar aiki, 262 warware shi. Ƙarshe tarihin famfo na biyu zai nuna layi biyu, shiga da fita, da bayanin dalili da lambar sabuwar takarda. Ba shi da kyan gani, na yarda, amma duk wanda ya zo bayan shekara biyar zai gane me ya faru ba sai ya nemi kowa ba.

Kuma wannan ba baƙon abu bane a wajenmu, duk akantan da yayi karatu a Kamaru ko Chadi ya san shi. Ƙasashen biyu suna cikin OHADA, ƙasashe 17 masu dokar kasuwanci ɗaya, kuma dokar lissafinsu ta ce littafin kuɗi ba a barin gurbi a cikinsa ba a kankare shi, kuskuren da aka gano cikin shekara ana gyara shi ne ta hanyar sake rubuta shi da alamar ragi sannan a shigar da na daidai, takardun kuma a ajiye su shekara 10. Tunda kowace fitar kaya daga sito da kowace awar aiki tana gangarawa littafin akanta, kaga mai gyaran tarihin inji yana taɓa littafin kuɗi ne ko ya sani ko bai sani ba. Don haka kafin ka warware wani abu na watan da aka riga aka rufe lissafinsa, taka ka je ofishin akanta ku yi magana, don gyaran zai faɗo ne a watan da ake ciki, kar ya gani kwatsam ya rasa daga ina.

Sai maganar gurbi da inji, wadda in aka fahimce ta rabin rikicin ya ƙare. Manhaja tana rarrabe wurin da inji ke zaune da shi kansa injin. Gurbin "famfon rijiya ta ɗaya" yana nan har abada, amma ƙarfen da ke zaune a gurbin yau ba lallai shine na bara ba. Kamar shago ne da ɗan haya. Mu kuma a arewa kowa ya san halin da muke ciki da kayan gyara, abu ya taso daga Duwala ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare ya sauka ya hau mota, in daga waje ne ma sai a yi watanni, ba mai tsayar da aiki yana jira. Sai a ciro kwamfiresa daga layin da ke hutawa a ɗaura a wanda ke aiki, da daddare, da tocila, aiki ya tashi kowa yayi hamdala. Ba wanda ya tuna da kwamfuta. Daga ranar duk gyaran da akayi a wannan gurbi yana tafiya kan lambar ƙarfen da yake can kwance a bayan gareji, shi kuma wanda ke aiki da gaske awanninsa ba mai ƙirgawa.

Ba na ganin laifin makanikai a nan ko kaɗan, sun yi abin da ya dace a lokacin. Laifin tsari ne da bai ba su hanya mai sauƙi ta sanarwa ba. Gyaransa kuwa sai an tashi daga kujera. Ka je da kanka ka goge ɗan faifan ƙarfen da ke manne jikin injin ka karanta lambar da masana'anta ta buga, ita ce ba ta ƙarya, lambar fenti kowa na iya sakewa. Sannan ka nemi ranar da akayi musanyar, a littafin masu duti, a takardar mai gadi, a hotunan WhatsApp na ƙungiyar ma'aikata, sau da yawa can ake samu. Sai ka rubuta ƙaurar a manhaja da hanyar da aka tanada ta cirewa da girkawa, ba ka shiga katin injin ka canza suna ko lamba ba. Wannan canza sunan shine babban ɓarna da nake gani, mutum ya ga katin A ne a gurbin da B ke zaune sai kawai ya gyara lambar jiki ya mayar da A ya zama B, a ganinsa ya huta, alhali ya ɗauki tarihin shekaru na wani ƙarfe ya liƙa wa wani. Bayan ka rubuta ƙaurar sai ka bi takardun da aka yi tsakanin ranar musanya da yau ɗaya bayan ɗaya. In suna da yawa ka fara da manya, masu kuɗi da masu lalacewa, ƙananan ka haɗa su a bayani ɗaya ka liƙa a katunan biyu.

Inji ɗaya mai kati biyu ma yana faruwa, musamman lokacin da aka kwaso bayanai daga Excel aka zuba a sabuwar manhaja. Nan ka zaɓi kati ɗaya ya zama shine mai rai, ɗayan a dakatar dashi yadda ba mai iya buɗe takarda akansa, a rubuta a jikinsa a koma lamba kaza. Ba a share shi, tarihin da ke ciki na injin ne.

Kwanan wata kuwa ku yi hattara. Mu 04/03 huɗu ga watan uku muke nufi, manhajar da aka saita ta da tsarin Amurka uku ga watan huɗu take karantawa, inji ya tsaya kwana biyu sai rahoto ya nuna wata guda, ko ya nuna an gyara shi kafin ya lalace. In ranar ta wuce 12 manhaja zata ƙi karɓa ka gane da wuri, daga 1 zuwa 12 ne take haɗiyewa shiru.

Yanzu bari in zo kan ƙofar baya, don nasan duk wanda ya daɗe a harkar an taɓa kawo masa ita. Wani zai ce ai akwai yaro a sashen kwamfuta da ya iya SQL, yaren da ake ba rumbun bayanai umarni dashi, ya shiga rumbun bayanan kai tsaye ya canza lambar cikin minti biyu, ba ragi ba sabuwar takarda ba kowa ya sani. Gaskiya ne zai iya. Amma abin da kake gani a fuska layi ɗaya, a ciki yana warwatse a tebura da yawa, takardar aiki daban, awannin ma'aikata daban, fitar kaya daban, jimillar kuɗin inji daban, tarihin matsayi daban, kuma manhajar ce ta san yadda take ɗaure su. Wanda ya shiga ta baya ya tsallake duk wannan, ya gyara ɗaya ya bar huɗu, sai bayan watanni rahoton kuɗi da rahoton gyara su ƙi haɗuwa a rasa dalili, garin neman gira a rasa ido. Kuma ba sawu, ba sunan wanda ya canza, ba rana, ba dalili. Ranar da masu binciken kuɗi ko 'yan inshora suka gano an taɓa taɓa rumbun ta baya sau ɗaya, duk sauran tarihin ya zama abin zargi har wanda ba a taɓa ba. Ban ce ba a taɓa yinsa ba sam, akwai lokacin da kuskuren ya shafi dubban layuka kuma ba wata hanya, amma wannan aiki ne na rubutacciyar yarda daga sama, da kwafin ajiya kafin a fara, da gwaji a manhajar gwaji tukuna, da ajiye jerin abin da aka canza. Ba abin da ake yi da yamma bayan shef ya tafi gida ba.

Akwai kuma abin da ya wajaba in faɗa ko da ba daɗi. Gyaran kuskure daban, gyaran fuska daban. In an manta ba a yi vidanj ba inji ya ƙone, sannan wani ya zo yace a buɗe takarda da tsohuwar rana a nuna anyi, wannan ba gyaran tarihi bane, shaidar zur ce, kuma yawanci ƙaramin ma'aikaci ake turawa ya danna da sunansa. Ƙanena in an kawo maka irin wannan ka ce a rubuto maka a takarda da sa hannu, zaka ga maganar ta mutu a wurin. Manhajar tana ajiye ranar da aka ce anyi aiki, tana kuma ajiye ranar da aka shigar da bayanin da sunan wanda ya shigar, ta biyun ba ka da iko da ita. Shi yasa ma raba kalmar sirri ɗaya tsakanin mutum biyar yake cutar da mai gaskiya, ranar tambaya sunanka ne a wurin.

Amma kuma manya suma da nasu. Inda duk wanda ya kawo kuskurensa sai an yi masa tsawa a gaban mutane ko an zaftare masa wani abu, ba wanda zai sake kawowa, zasu binne ne, kai kuma kana zaune kana murna tarihinka ba gyare-gyare. Ni in na buɗe manhajar wuri naga shekara uku ba layin ragi ko ɗaya, ba karatun mita da aka soke ko ɗaya, hankalina ba ya kwanciya, don mutane ne ke shigarwa kuma mutum yana kuskure. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Abin da nake so in gani shine mutum biyu ko uku kawai ke da makullin gyaran tarihi, wanda ya nemi gyara ba shi ke amincewa da kansa ba, ko wane gyara da hujjarsa a liƙe, hoto ko takardar hannu, amma kawo rahoton kuskure a buɗe yake ga kowa har mai share wurin, kuma a gode masa.

Shi yaron da ya buga 43125 da na kira shi jikinsa rawa yake, ya ɗauka aikinsa ya ƙare. Nace ja kujera ka zauna kusa dani, kai zaka gyara ina kallo. Muka gyara karatun, muka soke takardun da suka fito, muka sauka sito muka gaya wa mai magaza ya saki filtocin, muka dawo muka duba jadawali muka tarar yana jiran awa 43375, muka dawo dashi inda ya kamata. A wurin dalili ya rubuta an tsallake waƙafi wajen shigarwa, karatun gaskiya 4312,5, hoton takardar hannu na liƙe. Sannan muka je wajen Baba da sabuwar takardar rubuta mita da na buga, mai gidaje biyar na lamba da gida ɗaya can gefe na bayan waƙafi, ya juya ta ya duba yace to ɗana wannan ko da biro ya ƙi ai gidan zai nuna.